Tsibirin da ba kowa a kansa, da wane haƙƙi yake hana wasu kamun kifi a teku?

Mai_Kifi_Dole:
Assalamu alaikum jama'ar Damagaram na gida da na waje. Tambaya gare ni, ina son masu sani su taimaka. Na ji a rediyo ana bayanin hukuncin da kotun duniya ta yanke a watan Mayun 2025 tsakanin Gabon da Gini Ikwatoriya a kan wani ɗan tsibiri mai suna Mbanie, wanda aka ce bai wuce hekta 30 ba. Mai bayanin ya ce ba don ƙasar tsibirin ake rigimar ba, don ruwan da ke kewaye da shi ne, da kifin ciki da man da ake zaton yana ƙarƙashi. Ni sana'ata kifin ƙanƙara, katan-katan nake sara ina sayarwa, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Ta yaya ɗan tudun da ba gari ba kasuwa zai ba wata ƙasa ikon korar masuntan wata daga teku? Abin da nake gani shi ne manyan ƙasashe ne suka zauna suka raba teku tsakaninsu, suka sa wa abin suna yarjejeniya. In ba haka ba ne a fahimtar da ni.

Dan_Garin_Malam:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma haka na ɗauka. Duk abin da aka ce "dokar duniya" ka bincika, za ka tarar da hannun Turawa a ciki.

Malamin_Doka:
Alhaji, bari in fara da abin da ke rubuce, ra'ayi ya biyo baya. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, an sa mata hannu ranar 10 ga Disamba 1982 a Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ta fara aiki ranar 16 ga Nuwamba 1994. Da mil na teku ake awo, kowane ɗaya mita 1852 ne. Daga gaɓa zuwa mil 12 ruwan ƙasa ne, ikonta a kansa kusan kamar ikonta a kan tudu. Daga gaɓa zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370, shi ne yankin arzikinta na keɓe: jirgin kowa yana iya ratsawa ya wuce, amma kifi da mai da duk abin da ke ƙarƙashi nata ne, ita ke ba da izini, ita ke hanawa. Bayan mil 200 teku ta zama ta kowa.

To, sashe na 121 ya ce tsibiri ma yana da wannan haƙƙin kamar babban tudu. Kilomita 370 ta fi daga nan zuwa Kano nisa, ba ta kai daga nan zuwa Agadas ba. Ka kafa tsinke a kan tsibirin da ke shi kaɗai a tsakiyar teku ka zagaya da wannan tsawon, za ka samu ruwa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 430,000. Ya kusa ninka jihar Damagaram sau uku. Abin da ake yi wa faɗa ke nan.

Hajiyar_Zango:
Ikon Allah. Jihar Damagaram uku saboda ɗan tsibiri ɗaya? Malam, ko da ba mutum a kai?

Malamin_Doka:
Hajiya, a nan gardamar take. Sashen nan na 121 a sakin layi na uku ya ce dutsen da mutane ba za su iya zama a kai ba, ko ba shi da wata hanyar arziki ta kansa, mil 12 kaɗai zai samu, ba shi da mil 200. Ingila tana da wani dutse a tekun Atilantika mai suna Rockall, da za ta shiga yarjejeniyar a 1997 sai ta janye da'awar mil 200 daga gare shi. Japan kuma tana da Okinotorishima, ƴan duwatsu ne da kaɗan suka ɗara saman ruwa, ta kewaye su da kankare don kada igiyar ruwa ta cinye su, tana cewa tsibiri ne. Sin da Koriya ta Kudu suna cewa dutse ne.

Ustazu_Birni:
Ina so in sa baki ta fuskar addini, domin tambayar Alhaji tana da tushe. Ya zo a hadisi cewa mutane abokan tarayya ne a cikin abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Asali ke nan. Amma malaman fiƙihu sun yi magana a kan hima, wato shugaba ya keɓe wani fili saboda maslahar jama'a, kuma Sayyidina Umar ya yi hakan. Abin da aka hana shi ne mai ƙarfi ya keɓe wa kansa ya bar talaka. Saboda haka ni ba keɓewar ce damuwata ba. Damuwata wa aka keɓe wa, kuma wa ke ci.

Dan_Garin_Malam:
Ustaz ka zo wurin. Wa ke ci? Ku dubi Faransa. Ruwan da take iko da shi ya haura murabba'in kilomita miliyan 10, ita ce ta biyu a duniya bayan Amurka, alhali gaɓarta ta Turai ba ta ba ta ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Sauran kusan duk daga tsibiran da ta riƙe tun zamanin mulkin mallaka ne: Polineziya, Sabuwar Kaledoniya, Reyiniyon, har da Clipperton da ba kowa a kansa, can kusa da Meziko. Akwai ƴan tsibirai kewaye da Madagaska waɗanda tun 1979 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi Faransa ta zauna da Madagaska a kan mayar da su, har yau suna hannunta. Malamin_Doka, wannan ba rabon ganima ba ne?

Malamin_Doka:
Abin da ka faɗa a kan Faransa gaskiya ne ƙanena, ban musa ko ɗaya ba. Inda na saɓa da kai da Alhaji shi ne cewa manyan ƙasashe ne suka ƙirƙiro mil 200. Tarihi ya nuna akasin haka. Masu manyan jirage mil 3 suke so, don su riƙa zuwa har bakin ƙofar kowa suna kwasa. Yarjejeniyar kamun kifi ta Tekun Arewa ta 1882 mil 3 ta sa. A 1901 Ingila da Danmak suka ƙulla wata a kan ruwan Aisilan da tsibiran Faro, nan ma mil 3, kuma a lokacin Aisilan tana ƙarƙashin Danmak, ba ita ta zauna teburin ba. Waɗanda suka tsaya kai da fata a kan mil 200 su ne Chile da Peru da Ekwado, a sanarwar Santiyago ta 1952, daga baya ƙasashen Afirka da na Asiya suka mara musu baya a tattaunawar da aka fara a 1973. Faransa ta ci riba ne saboda tsibiran suna hannunta tun kafin a yi dokar. A mulkin mallaka zaluncin yake, dokar ta zo ta tarar da shi ba ta gyara ba.

Mai_Tarihi_Mirya:
Tunda an ambaci Aisilan ku bar ni in ba da labarinta, don ni a wurina ita ce amsar tambayar Alhaji. Tsibiri ne mai sanyi, noma kaɗan ne, mutanensa a wancan lokaci ba su kai dubu 250 ba, kifi shi ne abincinsu shi ne kuɗin shigarsu. Sun samu cikakken ƴanci a 1944. A 1952 suka ja iyakarsu zuwa mil 4, masu jiragen kamun kifi na Ingila suka hana su sauke kifi a tasoshin ƙasarsu. A 1958 suka ce mil 12, Ingila ta aiko jiragen yaƙi su raka masuntanta. A 1972 suka ce mil 50. A 1975 suka ce mil 200. Ƙasar da ba ta da rundunar soja, sai ƴan jiragen tsaron gaɓa. Suka ƙera wani ƙarfe da suke ja a bayan jirgi, su ratsa ta bayan jirgin Ingila su datse igiyar tarunsa, taru da kifi duk su nutse. An yi ta karo da jirage da gangan. A Fabrairun 1976 Aisilan ta yanke hulɗar jakadanci da Ingila, ta kuma yi barazanar rufe sansanin ƙungiyar tsaro ta NATO da ke Keflavik, wanda Amurka ke matuƙar buƙata don sa ido a kan jiragen Tarayyar Sobiyet. A watan Yunin shekarar Ingila ta sauko. Garuruwan masunta irin su Hull da Grimsby suka shiga wani hali, dubban mutane suka rasa aiki. Ƙarami ya kayar da babba sau uku a jere.

Dan_Garin_Malam:
Ya kayar da shi ne saboda yana da abin da Amurka ke so. Da ba sansanin nan fa? Da Gini Bisau ce ta datse tarun wani?

Mai_Tarihi_Mirya:
Wannan kam ba zan yi maka gardama ba. Amma da aka gama, mil 200 ta zama ta kowa, har da Gini Bisau ɗin.

Dalibi_a_Dakar:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ɗan Sabon Gari ne, ina karatu a Senegal. Takarda ta ba ƙasashen nan mil 200, gaskiya ne, amma ku zo bakin ruwa ku ji masunta. Na je Saint-Louis, unguwar Guet Ndar, inda kwalekwale ya fi gida yawa. Kukansu ɗaya ne: kifi ya yi nisa, man da suke ƙonawa ya ƙaru, abin da suke dawowa da shi ya ragu. Da yawa sai sun tsallaka ruwan Muritaniya, kuma can sai da lasisin da gwamnatocin biyu ke sasantawa a kai, in ya ƙare aka kama ka an ƙwace kwalekwale. Manyan jirage na waje kuwa wasu da izini suke shiga, wasu su sa tutar ƙasar ta hanyar haɗin gwiwa da ɗan gida, wasu su kashe na'urar da ke nuna inda suke su shigo cikin dare. Ga masana'antun da ke niƙa ƙananan kifi su mai da shi gari a Nuwadibu ta Muritaniya, a fitar da shi waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Kifin da talaka ke ci ke nan, wanda a nan suke kira yaboy. A Nuwamban 2024 yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba, mutane da yawa sun yi murna, amma masuntan da na zanta da su sun ce matsalar ta fi jiragen Turai kaɗai.

Mai_Kifi_Dole:
Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka taɓo inda ke mini ciwo. Ku dubi jikin katan ɗin da muke sayarwa, sau da yawa za ku ga an kama kifin a ruwan Afirka ta Yamma, amma sunan kamfanin na wata nahiya ne. Kifin maƙwabtanmu, mu saye shi daga hannun baƙo.

Inna_Mai_Suya:
Ni ban san mil ba ban san sashe ba. Na san da ina soya katan in fitar da na cefane har da na makarantar yara, yanzu sai na yanka gunduwa ƙanana kafin uwar kuɗi ta dawo. Mai saye kuma ni yake yi wa faɗa.

Direban_Kamiyo:
Inna, tsadar nan ba daga teku kaɗai take ba, har da hanya. Da ta Kwatano muke ɗaukowa, mu bi Malanbil mu shigo Gaya. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina, ana jiran rakiyar sojoji. Motar sanyi kuma ko tana tsaye injinta na shan gazuwal, in ba haka ba kaya su lalace. Duk wannan a kan katan ɗinki yake sauka.

Hajiyar_Zango:
To ni abin da nake son sani, mu da ba mu da teku, ina rabonmu a wannan yarjejeniya? Ko an manta da mu ne gaba ɗaya?

Malamin_Doka:
Ba a manta ba Hajiya, kuma Nijar tana ciki, ta tabbatar da shigarta a 2013. Sashe na 125 ya ba ƙasa irin tamu haƙƙin kaiwa ga teku da ratsa ƙasar maƙwabta da kayanta, sai dai ya bar tsarin yadda za a yi ga yarjejeniya tsakanin ƙasashen, wanda shi ne abin da Direban_Kamiyo ke gani a kan hanya. Sashe na 69 kuma ya ce ƙasar da ba ta da gaɓa tana da haƙƙin shiga cikin kamun rarar kifin da ke ruwan ƙasashen yankinta. Ku lura da sharaɗin: rara. Mai gaɓa shi ke ƙayyade yawan da za a kama, shi ke faɗin abin da yake iya kamawa da kansa, abin da ya saura shi ne rara. Sannan sai an zauna an ƙulla yarjejeniya, sannan sai kana da jirgi da ma'aikata. Abu mafi kusa da shi a wurinmu shi ne dokar karkara ta 1993, da ta ba makiyayi fifiko a kan rijiya da makiyayar mazauninsa ba tare da ta ba shi ikon hana baƙo shayarwa ba. Bambancin shi ne a teku mai fifikon ne da kansa ke cewa ko akwai saura.

Tsohon_Masunci:
Ƴaƴana, na karanta duka, jikana ke rubuta mini. Na yi ƙuruciyata a tafkin Cadi, wajen Gigimi da Boso, ina kama tarwaɗa da ƙarfasa muna yin banda. Mu ba mu san layi a kan ruwa ba. Ruwa ya ja baya mu bi shi, tsibiri ya fito mu kafa bukka, kifi ya yi gabas mu yi gabas. Sai ka kwana a wuri ka tashi a ce maka nan Cadi ce, ko nan Najeriya ce. Na taɓa biyan kuɗin izini a wuri ɗaya ga mutane daban-daban, kowa da takardarsa, wanda na ƙi ba shi ya tafi da komata. Wanda ya fi ba mu kariya a lokacin sarkin ruwa ne, don shi ya san wa ya riga zuwa, ya san lokacin da ake barin kifi ya hayayyafa, kuma in ya hana an hanu. Da aka kwashe mutane daga tsibirai a 2015 saboda tashin hankali aka hana sana'ar kifi, gidaje da yawa sun mutu a tsaye. Ku da kuke maganar teku, ku sa tafki a ciki.

Malamin_Doka:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Dokar teku ba ta hau kan tafki da kogi ba, su iyakokin ƙasa ne ke raba su, sai hukumar tafkin Cadi da ƙasashe huɗu suka kafa a 1964. Amma abin da ka ba da labari shi ne ainihin abin da ya faru a Darak, a tafkin Cadi: masunta daga Najeriya suka bi ruwa suka kafa garuruwa, hukuma ta biyo su, sai kotun duniya a hukuncinta na 10 ga Oktoba 2002 ta ce wurin na Kamaru ne. Hukuncin da ya ba Kamaru Bakasi ke nan, aka kammala miƙa ta a Agustan 2008.

Mai_Tarihi_Mirya:
Kada mu manta mu ma mun yi shari'ar tsibiri. Lete, a kogin Kwara, tsakaninmu da Benin. An yi ta rikici a kansa tun farkon shekarun 1960. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun duniya ta bi inda ruwa ya fi zurfi wanda jirgi ke bi, ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25 har da Lete, Benin ta samu 9. Ƙasashe biyu matalauta suka kai ƙara, aka yanke, kowa ya karɓa. Dan_Garin_Malam, a nan wane babba ne ya ci?

Dan_Garin_Malam:
Ba wanda ya ci, don ba babba a ciki. Kawo mini inda aka yanke wa babba ya bi. A 2016 kotun sasanci ta ba Filifin gaskiya a kan Sin, ta ce duk tsibiran Spratly, da ke tekun kudancin Sin, ba wanda ya cancanci mil 200. Sin ta ce ba ta san zancen ba. Amurka kuma har yau ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, amma tana cin moriyar mil 200 ɗin.

Malamin_Doka:
Akwai inda aka rage wa babba. Faransa tana da tsibirai biyu a gefen Kanada, Saint-Pierre da Miquelon. Ta nemi ruwa mai yawa, kotun sasanci a 1992 ta ba ta ɗan kewaye da wani siririn zirin da faɗinsa mil 10 da rabi ne, tsawonsa mil 200, ƙasa ƙwarai da abin da ta nema, kuma a haka aka zauna. Na yarda Kanada ba ƙaramar ƙasa ba ce. Misalin Sin kuwa yana nan yadda ka faɗa.

Dalibi_a_Dakar:
Akwai wani misali da malaminmu ya kawo wanda ya ƙarfafa mini gwiwa. Ƙasashen tsibirai takwas na tekun Pasifik, irin su Kiribati da Tubalu da Nauru da Palau, sun haɗa kai tun 1982 a yarjejeniyar Nauru. Kiribati ƙasarta ta tudu murabba'in kilomita 800 da ɗoriya ce, ruwanta ya haura miliyan 3. Da kowace tana sayar da lasisi ita kaɗai, masu jirage na taya su da arha. Sai suka koma sayar da kwana: duk jirgin da zai kama kifin tuna a ruwansu zai biya kuɗin kowace rana, sun ƙayyade yawan kwanakin, sun sa farashin da ba mai sauka ƙasa da shi, dubban dalar Amurka a rana guda, kuma dole jirgi ya ɗauki mai sa ido. Yau mafi yawan kuɗin shigar gwamnatin Kiribati daga nan yake fitowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da Muritaniya da Senegal da Gambiya da Gini Bisau da Gini za su tsaya a kan farashi ɗaya haka, da labarin Guet Ndar ya sake.

Mai_Kifi_Dole:
Na gode muku duka. Na ji cewa ƙananan ƙasashe ne suka yi fafutukar mil 200, kuma labarin Aisilan ya shige ni. Amma a kan tsibirin da ba kowa ina nan a kan bakata. Mutanen Kiribati suna zaune a kan nasu, da kifin suke rayuwa, sun cancanta. Clipperton fa, wa ke zaune a can da za a ce ana kare abincinsa?

Ustazu_Birni:
Ina tare da Alhaji a nan. Keɓewa don mazauna wuri maslaha ce. Keɓewa don wanda ke nesa da dubban kilomita tana buƙatar hujja mai ƙarfi.

Mai_Tarihi_Mirya:
Ni kuma ina tsoron ɗaya gefen. In aka ce ruwan tsibirin da ba kowa ya koma na kowa, ba masuncin Guet Ndar ne zai je can da kwalekwalensa ba, masu manyan jiragen nan ne za su share shi cikin ƴan shekaru. Ko a gaɓar Kanada, inda akwai mai iko, kifin kod ya ƙare har aka rufe kamunsa a 1992, balle inda ba mai tsaro.

Hajiyar_Zango:
Malamin_Doka, wata tambayar kuma. Ana cewa ruwan teku na ƙaruwa, wasu tsibiran za su nutse. In tsibirin mutane ya nutse, mil 200 ɗinsu ta tafi ke nan?

Malamin_Doka:
Yarjejeniyar 1982 ba ta yi maganar wannan ba Hajiya, don daga gaɓa ake awo, kuma waɗanda suka rubuta ta ba su kawo gaɓa za ta ɓace ba. Shi ya sa a Agustan 2021 shugabannin ƙasashen tsibiran Pasifik suka fitar da sanarwa cewa iyakokin da suka riga suka shata suka ajiye a Majalisar Ɗinkin Duniya ba za su sake auna su ba, ko ruwa ya ci gaɓa. Ƙasashe da dama sun goyi bayansu. Tubalu, wadda tudunta mafi tsawo bai kai mita 5 daga saman teku ba, ta sa a kundin tsarin mulkinta a 2023 cewa ƙasar da iyakokin ruwanta suna nan har abada. To Alhaji da Ustaz, ga inda ƙa'idarku za ta sha wuya: in mutanen Tubalu suka tashi dole, tsibiransu sun zama wurin da ba kowa a kansa, kuma kuɗin lasisin nan shi ne abin da zai riƙe su a inda suka koma.

Ustazu_Birni:
Wanda ruwa ya kora daga gidansa daban, wanda bai taɓa zama a wurin ba daban. Ai ana iya rubuta wannan bambancin a doka.

Dan_Garin_Malam:
Ana iyawa, in waɗanda ke riƙe da irin su Clipperton za su yarda a sake buɗe sashe na 121. Malam, a cikinsu wa kake ganin zai fara sa hannu?